Shin da gaske an manta da Sergei Krikalev a sararin samaniya?

"Assalamu alaikum, Malam. Yarona ya nuna mini wani ɗan bidiyo a waya, ana cewa akwai ɗan sama jannatin Rasha da aka manta da shi a sama kusan shekara guda saboda ƙasarsa ta wargaje, babu mai kuɗin sauko da shi. Shin labarin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, me ya ci, kuma ya dawo da lafiyarsa? Na kuma ga an nuna shi a wajen kumbon yana reto, ban gane abin da ya fitar da shi ba."

Wa alaikumus salam, Malam. Mutumin da aka nuna maka shi ne Sergei Krikalev, wanda ya tashi zuwa tashar sararin samaniya mai suna Mir ranar 18 ga Mayu 1991, bai sake taka ƙasa ba sai ranar 25 ga Maris 1992, wato kwana 311. Abin da kake son sani, idan na fahimce ka, shi ne ko watsi aka yi da shi, da yadda ya rayu, da kuma dalilin da zai sa mutum mai hankali ya buɗe ƙofa ya fita inda babu iskar shaƙa. Tsawon kwanakin gaskiya ne, wargajewar Tarayyar Sobiyet yana sama gaskiya ce, amma batun mantuwa ƙari ne na masu neman a kalli bidiyonsu. Ni malamin fiziks ne, na daɗe ina koyar da yadda tauraron ɗan adam ke kewaya duniya, kuma ina cikin masu sauraron rediyon 'yan sha'awa. Ban taɓa sa rigar 'yan sama jannati ba, don haka abin da zan faɗa game da ita daga lissafi ne da bayanan waɗanda suka sa ta.

An haifi Krikalev a birnin Leningrad a 1958. Ba sojan sama ba ne kamar Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, da tsararsa, injiniya ne farar hula, kuma riƙe wannan a ranka domin shi ne bakin zaren labarin duka. Ya gama karatun injiniyanci a 1981, ya kama aiki a kamfanin Energia, inda ake ƙera kumbunan da ke ɗaukar mutane. A 1985 wata tashar Sobiyet da ta riga Mir, mai suna Salyut 7, ta mutu murus tana sama babu kowa a ciki, wuta ta ɗauke, ruwan cikinta ya daskare, aka aika Vladimir Dzhanibekov da Viktor Savinykh su je su farfaɗo da ita. Krikalev yana cikin waɗanda suka zauna a ƙasa suna tsara yadda za a manne wa tashar da ba ta amsa kira. A wannan shekarar aka zaɓe shi cikin 'yan sama jannati. Tafiyarsa ta farko ta zo ranar 26 ga Nuwamba 1988, tare da Alexander Volkov da Bafaranshe Jean-Loup Chrétien, ya yi wata biyar a Mir ya dawo cikin Afrilu 1989. Saboda haka lokacin da ya koma a 1991 ya riga ya san tashar ciki da bai, ya san inda kowace waya ta bi da famfon da ya fi yawan gardama.

Abin da ya tsayar da shi

A tafiya ta biyu ya tashi ne da kwamandansa Anatoly Artsebarsky da Helen Sharman, mutum na farko daga Birtaniya da ya je sama. Sharman ta yi mako guda ta sauko tare da ma'aikatan da aka je canja, su biyu kuma suka tsaya da niyyar dawowa a watan Oktoba. Abin da ya ɓata wannan lissafi kujera ce. Kumbon Soyuz mutum uku yake ɗauka, ba ya ƙari. An shirya tafiya biyu a ƙarshen shekarar, ɗaya za ta kai baƙo daga Ostiriya wanda ƙasarsa ta biya masa kuɗin kujera, ɗayar kuma za ta kai ɗan Kazakistan, domin filin harba rokoki na Baikonur a cikin Kazakistan yake, kuma Mosko tana bukatar ta faranta wa masu ƙasar rai a daidai lokacin da kowace jamhuriya ke neman kama gabanta. Da aljihu ya yi zafi sai aka haɗe tafiyoyin biyu suka zama ɗaya. Kwamanda Volkov ya ɗauki kujera, Franz Viehböck na Ostiriya ya ɗauki ta biyu, Toktar Aubakirov na Kazakistan ya ɗauki ta uku, injiniyan da ya kamata ya canji Krikalev ya rasa wurin zama. Baƙin nan biyu kuwa ba a horar da su don dogon zama ba, kwana takwas za su yi su juyo.

Tun a watan Yuli, wata uku kafin zuwan kumbon, aka gabatar wa Krikalev da maganar, ya amince zai ci gaba da zama. Ranar 2 ga Oktoba 1991 baƙi suka tashi, ranar 10 ga wata Artsebarsky ya sauko da su, aka bar Krikalev da Volkov, tsohon abokin tafiyarsa. Ka ga ke nan ko kwana ɗaya bai yi shi kaɗai ba, kuma laƙabin da ake ba shi na ɗan Sobiyet na ƙarshe ya kamata a raba shi da Volkov, domin su biyun ne ke sama lokacin da shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev ya ajiye mulki ranar 25 ga Disamba 1991.

Batun rashin hanyar saukowa shi ne ya fi nisa da gaskiya. Dokar zaman tasha ita ce kullum akwai kumbon Soyuz maƙale a jikinta, da kujerar kowane mutum a ciki. Kujerar ma ba ta haya ba ce: kafin tafiya ana kwantar da mutum cikin kwamin ruwan farar ƙasa a ɗauki siffar bayansa, a ƙera masa shimfiɗa daidai jikinsa domin kada ƙashin bayansa ya karye lokacin da kumbon ya daki ƙasa. Da aka yanke shawarar zai tsaya, sai aka cire shimfiɗarsa daga tsohon kumbon aka ɗaura a sabon. Da gobara ta tashi ko ciwo ya kama ɗayansu, cikin 'yan sa'o'i suna ƙasa. Abin da ya hana su amfani da wannan hanya shi ne cewa saukowarsu tana nufin barin Mir babu mai kula da ita a lokacin da babu tabbacin za a samu kuɗin komawa, kuma wanda ya sha wahalar Salyut 7 ya san abin da ke samun tashar da aka bari ita kaɗai.

Abinci da ruwa da man injin suna zuwa ne a kumbon dakon kaya mai suna Progress, wanda ba ya ɗaukar mutum, kuma bai daina zuwa ba har a watannin rikicin. Tashar kanta tana tattara laimar numfashi da gumi daga iska ta tace ta koma ruwan sha, wata na'ura kuma tana fasa ruwa da wutar lantarki ta fitar da iskar oksijin. Ba zan ce talaucin bai taɓa su ba. A farkon 1992 an janye jiragen ruwan da ke tsayawa a teku suna miƙa saƙo tsakanin tashar da cibiyar kula da ita kusa da Mosko, lokutan da ba sa jin ƙasa suka ƙaru. A irin waɗannan lokuta Krikalev yakan koma kan rediyon 'yan sha'awa da alamar kira U5MIR, yana hira da mutane a ƙasashe daban-daban, musamman wata mata a Ostireliya wadda ta riƙa aika masa labaran da jaridun Yamma ke bugawa game da ƙasarsa. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, domin na san yadda irin wannan hira take. Na sha tsayawa da ɗalibaina a saman bene, riƙe da eriyar da muka harhaɗa da awon tef na kafinta, muna jiran tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta yanzu a mita 145.800. Da farko shuuu kawai ake ji, sai sauti ya ɓullo daga cikin hayaniyar, ya yi ƙarfi, ya dusashe, duka-duka bai kai minti goma ba tashar ta faɗa bayan gari. A cikin irin wannan ɗan taƙin mutumin ya riƙa tsintar labarin cewa an yi yunƙurin juyin mulki a Mosko cikin Agusta, kuma garinsu Leningrad ya koma Saint Petersburg.

Abin da ke fitar da mutum waje

Hoton da ka gani yana reto, Malam, hoton ma'aikaci ne a bakin aiki. Tasha gini ce da ake ƙara mata ɗakuna, eriya tana lalacewa, faifan hasken rana yana tsufa, kuma yawancin waɗannan abubuwa a jikin bango suke ta waje. A farkon zamani fitar kanta ita ce abin nema: Alexei Leonov ya yi minti 12 a waje ranar 18 ga Maris 1965, rigarsa ta kumbura har sai da ya rage mata iska kafin ya iya komawa ciki. Zuwa zamanin Krikalev abin ya zama sana'a. Tsakanin ƙarshen Yuni da ƙarshen Yuli 1991 shi da Artsebarsky sun fita sau shida. Fitar farko gyaran eriyar da ke jagorantar kumbo ya manne wa tashar ce, ta biyu kafa wata na'urar Amurka mai auna burbushin da ke zuwa daga nesa cikin sarari, sauran huɗun kuma gina wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai suna Sofora, mai tsawon kimanin mita 14.

Amfanin hasumiyar abu ne da kowane bakanike zai gane. Idan noti ya ƙi kwancewa, ana zura wa sufana bututu a ƙara mata tsawo, sai ƙaramin ƙarfi ya juya shi. Haka aka yi niyyar ɗora ƙananan injina a kan ƙarshen Sofora, domin a riƙa juya tashar da mai kaɗan, aka kuwa ɗora su a 1992. Yadda aka haɗa gaɓoɓin ma abin sha'awa ne. Tun da ɗaure ɗaruruwan notuna da safar hannu mai kauri azaba ce, sai aka yi zobban da wani gamin ƙarfe mai tuna siffarsa ta asali, wanda idan aka ɗumama shi yake tsukewa ya damƙe mahaɗar da kansa.

Rigar da suke sawa sunanta Orlan, kuma kiranta riga rage mata daraja ne, domin ƙaramin kumbo ce mai siffar mutum. Tana da ƙofa a baya, mutum ya zura ƙafafu ya shige ya ja ƙofar ta rufe. Matsin iskar cikinta kimanin kashi 40 cikin 100 ne na wanda muke ciki a ƙasa, kuma oksijin zalla ce. An rage matsin ne domin hannu ya iya lanƙwasawa. Ina nuna wa ɗalibai wannan da safar roba mai kauri ta masu wanke-wanke: mu ɗaure bakinta a kan bututu, mu hura ta da famfon keke har yatsun su miƙe tsaye, sannan in ce wani ya lanƙwasa yatsun ya riƙe su haka. Samari masu ji da ƙarfi ba sa kai minti biyu sai ka ga jijiyar hannu ta tashi, alhali matsin da muka hura bai kama ƙafar na Orlan ba. Ɗan sama jannati kuwa kowace damƙa da zai yi cikin sa'a biyar ko shida sai ya yi kokawa da wannan iska, kuma da hannu yake tafiya, domin ƙafa ba ta da abin takawa. Yana ɗauke da igiyoyi biyu masu ƙugiya, ya maƙala ta gaba kafin ya cire ta baya, haka har ya isa inda za shi.

Kafin a buɗe ƙofar waje sai an zauna a zauren tashar, wato ɗan ɗakin da ake zuƙe wa iska, a shaƙi oksijin zalla na kimanin rabin sa'a. Dalili shi ne iskar naitirojin da ke narke a cikin jini. Idan matsi ya ragu farat ɗaya, sai ta taso da kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe, kumfar kuma ta tsaya a gaɓɓai ko ta toshe jijiya.

Mutane sukan zaci sanyi ne babban abokin gaba a waje, amma zafin jikin mutum ne. Gaskiya ne ɓangaren da rana ta haska yakan haura digiri 100, wanda ke inuwa ya yi ƙasa da sifili da fiye da digiri 100, kuma tun da tashar tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, dare da rana suna musanya sau da yawa a fita ɗaya. Sai dai rigar tana da rufi mai hana wannan shiga, wannan rufin kuma shi ne ke hana zafin jiki fita. Saboda haka ana sa wata 'yar ciki mai ƙananan bututun ruwa, ruwan ya kwashi zafin ya kai wa na'urar sanyaya da ke baya. Ranar 27 ga Yuli 1991, bayan sun gama Sofora, Artsebarsky ya hau har ƙarshenta ya kafa tutar Sobiyet. Na'urar sanyayarsa ta gaza, gumi ya turnuƙe gilashin kwalkwalinsa, ya daina ganin komai, kuma babu yadda mutum zai sa hannu ya goge gilashi ta ciki. Krikalev ne ya bi shi ya jagoranto shi har bakin ƙofa. Tutar da aka sha wannan wahala dominta wata biyar kawai ta yi ƙasarta ta shuɗe, wasu ma'aikatan suka sauke ta a watan Satumba 1992. Irin wannan matsala ta sake faruwa ranar 20 ga Fabrairu 1992, lokacin da sanyayar rigar Volkov ta toshe, dole ya tsaya kusa da ƙofa yana jone da tashar ta bututu, Krikalev ya yi yawancin aikin shi kaɗai, wata tara bayan barinsa ƙasa. Idan aka haɗa da fitarsa ta 2005, sau takwas ke nan, jimillar sa'a 41 da 'yan mintuna. Ba shi ne kan gaba a wannan fanni ba, Anatoly Solovyev ya fita sau 16, fiye da sa'a 80.

Jikinsa, da abin da ya biyo baya

Retawar da ake gani ba don babu jan ƙasa ba ne. A tsayin kilomita 400 jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta suna faɗowa tare, suna kuma gudu ta gefe da saurin kimanin kilomita 28,000 a sa'a, har faɗuwar ta zama zagaye. Jikin da ba ya ɗaukar nauyin kansa kuwa yakan zubar da abin da yake ganin ba ya bukata. Ƙashin ƙugu da na cinya yana raguwa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a kowane wata, tsoka tana saki, jini yana taruwa a kai, zuciya ta saba da aiki mai sauƙi. Maganin shi ne motsa jiki na kusan sa'a biyu kullum a kan na'urar gudu da keke, an ɗaure mutum da roba tana jan sa ƙasa. Akwai kuma wani haske mai cutarwa da ido ba ya gani da ke ratsa jiki, wanda ke taruwa a hankali ya ƙara haɗarin ciwon daji, kuma wannan shi ne ainihin farashin ninka zaman da ya amince da shi.

A watan Maris 1992 canji ya zo: Alexander Viktorenko, da injiniya Alexander Kaleri wanda ya rasa kujera a Oktoba, da Bajamushe Klaus-Dietrich Flade wanda ƙasarsa ta biya. Krikalev da Volkov da Flade suka sauka a filin Kazakistan, wadda ta riga ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, da jar tutar Sobiyet ɗinke a kafaɗar rigarsa. Sai da aka tallafe shi, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya daɗe a sama. Makonni kaɗan bayan haka aka ba shi sabuwar lambar Gwarzon Tarayyar Rasha, kuma tasa ce mai lamba 1.

Amsar tambayarka game da lafiyarsa tana cikin abin da likitoci suka bar shi ya yi daga baya, domin ba sa sa hannu a takardar mai rauni. A Fabrairu 1994 ya zama ɗan Rasha na farko da ya tashi a kumbon Amurka mai fukafukai, Discovery. A Disamba 1998 yana cikin kumbon Endeavour da ya haɗa ɗakuna biyu na farko na tashar ƙasa da ƙasa, shi da kwamanda Robert Cabana suka shiga tare domin kada a ce wata ƙasa ta riga wata. Ranar 2 ga Nuwamba 2000 shi da William Shepherd da Yuri Gidzenko suka zama mazaunan tashar na farko. A 2005 ya koma a matsayin kwamanda, ya yi wata shida. Tafiya shida, jimillar kwana 803, kuma babu wanda ya kai shi a lokacin, sai a 2015 Gennady Padalka ya wuce shi da kwana 878, daga baya Oleg Kononenko ya kai 1,111 a 2024. Dogon zama a tafiya ɗaya ma ba nasa ba ne, na likita Valeri Polyakov ne, kwana 437 a Mir tsakanin 1994 da 1995. Daga 2009 zuwa 2014 Krikalev ya shugabanci cibiyar horar da 'yan sama jannati mai sunan Gagarin kusa da Mosko, inda akwai tafki mai zurfin mita 12 da ake nutsar da samfurin tasha a ciki, ɗalibai su sa Orlan su maimaita kowane aiki sau da dama kafin a yarda su yi shi a sama.

Idan ka auna, daga zaɓensa a 1985 zuwa saukarsa ta ƙarshe a 2005 shekara 20 ce, kuma shekara biyu da 'yan watanni kawai ya yi a sama. Sauran duka aji ne da jarrabawa da tafki da jiran layi. A ganina wannan ne masu bidiyo ba sa nunawa, kuma shi ya kamata yaronka ya sani idan sana'ar ta burge shi. Wataƙila kuma zai ci karo da masu cewa mutumin ya yi tafiya zuwa gaba a cikin lokaci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin agogon abin da ke gudu da irin wannan sauri yana ɗan jinkiri idan aka gwada da na ƙasa, amma da muka lissafa a aji, duk kwana 803 ɗin sun ba shi ratar kimanin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya.

An sauko da Mir da gangan cikin tekun Fasifik ranar 23 ga Maris 2001, kwana biyu bayan Krikalev ya dawo daga zamansa na farko a sabuwar tashar. Ita sabuwar ba ta taɓa zama babu mutum ba tun ranar da su ukun nan suka buɗe ƙofarta, kuma hanyarta tana bi ta saman ƙasashenmu. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da za ta gifta ta garinku. Ku fita da yaron bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da gari ya yi duhu amma rana tana haska abin da ke can sama. Za ku ga haske fari mai ƙarfi, ba ya ƙyaftawa kamar na jirgi kuma ba shi da ƙara, yana ratsa sama cikin minti huɗu zuwa shida, wani lokaci ya ɓace a tsakiyar sama idan ya shiga inuwar duniya.